Yaushe sakamakon gwajin ƙanjamau ke tabbata?

Abin da ma'aikatan lafiya a Jos suka fi nanatawa shi ne, gwajin washegari ba ya kama cutar da ta shiga jiya, domin jiki bai fara mayar da martani ba tukuna. Gwajin jinin yatsa yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya gano ta, na jinin jijiya kuwa, wanda ke neman ƙwayar cutar da garkuwar da jiki ke samarwa don yaƙar ta tare, kwana 18 zuwa 45. Saboda haka "babu" a sati biyu ba abin dogaro ba ne, a maimaita bayan wata uku. In ba a wuce awa 72 ba da faruwar abin da ake tsoron ya jawo kamuwa, a garzaya asibiti a karɓi maganin PEP, wanda ke hana cutar kama jiki, a sha kwana 28 ba fashi, sannan a sake gwaji.