Horar da ma'aikatan makaranta kan kyankyaso da ɓeraye: daga ina za a fara?

Tambaya: 'Yan uwa, makaranta na son rage feshin magani ta koma ga rigakafi. Wa ya kamata a fara koya wa, kuma me?

Amsa ta 1: Malam, fara da masu shara da masu girki, su ke ganin kashin ɓera tun kafin kowa. A koya musu ɗora buhunan abinci a kan katako, santimita 15 daga ƙasa, nesa da bango. Kwalaye a fitar da su, kyankyaso na ɓuya a cikinsu. Famfo mai ɗiga a gyara shi. Ƙaramin ɓera na shiga rami mai faɗin milimita 6, don haka a cusa soson ƙarfe a shafe da siminti. Tsumma kam gaigaye shi zai yi.

Amsa ta 2: Ƙari a kan wannan, a ajiye tarkon gam a bayan firji da ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a rubuta kwanan wata a kai, a duba duk mako, a shigar da abin da aka kama a littafi guda. In an sa maganin ci na kyankyaso, wato abinci mai guba da ke jawo su, kada a yi feshi kusa da shi, warin zai kore su. Feshi ma ba ya ratsa kwanson ƙwansu, shi ya sa suke dawowa.

Amsa ta 3: Malaman aji su daina ajiye gwangwanin feshi a loka. Nasu aikin kai rahoto ne kawai.