Daniel York Loh da rigimar Marayan Zhao: ya yi daidai ko ya wuce gona da iri?

Kawu: Ni dai ina nan a kan bakana. Wasan kwaikwayo sunansa kwaikwayo. Yau mutum ya fito a sarki, gobe ya fito a almajiri. To me ya sa Daniel York Loh, ɗan wasan kwaikwayo kuma marubuci a Birtaniya, da abokansa suka tayar da jijiyar wuya a 2012 don Turawa sun fito a matsayin Sinawa?

Malama: Kawu, ku dubi yadda aka yi rabon. Kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare da ke Ingila ya ɗauko The Orphan of Zhao, wato Marayan Zhao, tsohon wasan ƙasar Sin na ƙarni na 13, ya zuba 'yan wasa 17. Uku kacal ne jinin gabashin Asiya, kuma babu wanda aka ba jan ragamar labarin. Ɗaya ta fito a 'yar aiki, biyu kuma har da juya mutum-mutumin kare a cikin aikinsu. Labarin kakanninka ne fa, a miƙa maka kare.

Auta: Amma Anti, kamfanin ya ce wannan rukunin ne kuma zai yi wasu wasanni biyu, na marubuci Pushkin mai labarin Rasha da na marubuci Brecht mai labarin Italiya.

Malama: Wannan uzurin ya fi komai ci mini rai, Auta. Wato Bature zai iya zama Basine, amma Basine ba zai iya zama mutumin Rasha ko na Italiya ba? Hanyar da take tafiya ba ta dawowa, ina adalcinta?

Yaya: Ni abin da ya sa nake ganin girman York Loh, bai tsaya ga ƙorafi ba. Shi ruwa biyu ne, jinin Sin da na Ingila, ya kuma daɗe a dandamali. Ya zauna ya rubuta wasan Forgotten, aka nuna shi a biranen Plymouth da Landan na Ingila a 2018. Labarin leburorin Sin ne, kusan 140,000, da Birtaniya da Faransa suka ɗiba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Su ne haƙa ramuka, su ne sauke kaya, su ne kwashe gawarwaki, da aka gama yaƙi aka manta da su.

Kawu: To ka ga, ka zo gidana. Alƙalamin ne ya yi aiki, ba hayaniyar ba.

Malama: Allah ya ba ku haƙuri, Kawu, rubutu ba ya hawa dandamali da ƙafarsa. Sai masu gidajen wasa sun yarda sun buɗe ƙofa, kuma hayaniyar ce ta ƙwanƙwasa.

Kawu: Shekara shida tsakani, Malama. Kawo mini abin da ya haɗa su, sai in sauka.