Zaure: Yaya Zan Kasa Shirye-shiryen Rediyon da Na Tara?

Mai Tara Murya: Salamu alaikum 'yan zaure. Shekara uku ke nan ina naɗar shirye-shiryen rediyo a waya ina juyewa a kwamfuta, yanzu duk suna jibge wuri ɗaya. Na fara kasa su: labarai, wasanni, noma, wasan kwaikwayo, na mata. Sai na ci karo da wani wasan kwaikwayo da aka yi a kan noma, kuma don mata aka yi shi. Ina zan sa shi? A taimaka da shawara.

Tsohon Furodusa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ma'auni uku ka haɗa a hannu ɗaya, shi ya sa lissafin ya ƙi fita. Wasan kwaikwayo siffar shiri ce, wato yadda aka ɗinka shi. Noma jigo ne. Mata kuwa su ne waɗanda aka yi dominsu. Ka bar siffa ta zama babban gida: labarai, sharhin bayan labarai, hira da tattaunawa, kiran waya kai tsaye, mujalla, shirin bincike, wasan kwaikwayo, kiɗa da zaɓen masu sauraro, sai sharhin wasanni daga fili. Jigo kuma ka rubuta shi a jikin sunan kowane shiri. Akwai The Archers na BBC, tun 1951 ake watsa shi a faɗin Birtaniya har yau, kuma daga cikin dalilan fara shi har da koya wa manoma dabarun zamani. Duk da haka ba wanda ke kiransa shirin noma, wasan kwaikwayo ake ce masa.

Malamar Jarida: Baba, gidajen nan naka sun yi yawa ga mai tarawa don jin daɗin kansa. Ni uku nake koya wa ɗalibai: sanarwa, ilimantarwa, nishaɗantarwa. Tun zamanin John Reith, wanda ya fara jan ragamar BBC a 1922, ake tafiya a kan wannan.

Tsohon Furodusa: Malama, a allo yana da kyau. Amma nuna mini furodusa ɗaya da zai yarda shirinsa ba ya yin duka ukun. Na taɓa zaman tsara jadawali inda mai shirin gaishe-gaishe ya dage shi ma ilimantarwa yake yi, wai don yana karanta hasashen yanayi tsakanin waƙa da waƙa. Sai da muka ci rabin yini a kansa.

Malamar Jarida: To ai ya yi gaskiya da ɗan sauƙi. Na dai ji. Mai Tara Murya, ka bi na Baba.

Ɗan Eriya: Bari in shigo ta ɓangaren na'ura. Mai rediyon mota na zamani yakan ga rubutu na fitowa a fuskar rediyon idan ya kama wasu tashoshin FM. Tsarin RDS ke nan, kuma a cikinsa akwai lambobin nau'in shiri daga 0 zuwa 31. A jerin Turai 1 labarai ce, 4 wasanni, 5 ilimi, 6 wasan kwaikwayo, 8 kimiyya, 31 kuma gargaɗin gaggawa. Kana iya kwafar jerin nan ka huta. Sai dai ka kula, na Amurka daban ne: a can 4 shirin zance ne, 6 kuma tsofaffin waƙoƙin rock. Lamba ɗaya, ma'ana biyu.

Mai Tara Murya: Ikon Allah. Me ya kawo bambancin, Yaya?

Ɗan Eriya: Su Amurkawa tashar gaba ɗaya suka fi kasawa, ba shiri ɗaya ɗaya ba. Tasha takan ɗauki launi guda ta zauna a kai dare da rana. WINS ta birnin New York tun 1965 labarai kawai take yi. Shi ya sa jerinsu ya cika da ire-iren kiɗa, har ba su ware wa wasan kwaikwayo lamba ba.

Uwar Ɗaki: Ni dai shawarata, kafin komai ka raba gaskiya da ƙirƙira, don siffa ma takan yi ruɗi. Ranar 30 ga Oktoba 1938 ɗan wasan kwaikwayo Orson Welles ya gabatar da wasa a tashar CBS ta Amurka kan wasu halittu daga duniyar Mars da suka kawo hari, amma ya shirya shi kamar labarai da ɗumi-ɗuminsu, ana katse kiɗa ana cewa ga wakilinmu daga wurin. Wasu da suka murɗo a tsakiya suka ɗauka da gaske ne. Da kai ka naɗe shi ba ka ji farkonsa ba, cikin labarai za ka jefa shi.

Tsohon Furodusa: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ka riƙa naɗa tun daga taken shiri, a nan mai gabatarwa ke faɗin ko mene ne.

Mai Tara Murya: Na gode ƙwarai. Na kai wasan noman gidan wasan kwaikwayo, na rubuta "noma, mata" a sunansa. Saura masu taurin kai: shiri ɗaya na minti talatin, ga labarai a farko, ga hira da likita, ga waƙa, ga wasiƙun masu sauraro.

Tsohon Furodusa: Mujalla ke nan, gidanta daban. Kada ka yayyanka ta.

Ɗan Eriya: A jerin Turai ma an bar wa irinsu lamba 9, gauraye. Amma ka yi hattara da ita, nawa gidan gaurayen ya fi sauran duka cika, kuma rabona da buɗe shi tun bara.