Taƙaitawa: Wane Kafireto Ya Dace da Tsohuwar Yamaha XS650 da Aka Gyara?

Magana ta yi tsawo kan wane kafireto ya dace da babur ɗin Yamaha XS650 da aka gyara, don haka na tattaro abin da jama'a suka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kafireton asali na wannan babur, Mikuni BS38 ko BS34, ba ya jituwa da ƙananan matatun iskar da ake sawa bayan an cire akwatin iyakilina. Babur ya riƙa shaƙewa in an murɗa totur.

2. Mafi yawa sun zaɓi Mikuni VM34 guda biyu. Sauƙin saiti, kuma jet ɗinsa (ƙaramin ƙarfe mai huda da ke auna man da ke shiga) ba ya wuyar samu.

3. Kan Mikuni VM36, wanda raminsa ya fi na VM34 faɗi, aka rabu. Masu injin da aka faɗaɗa silindarsa suka canja salansa sun yaba. Sauran suka ce a injin 654cc da ba a taɓa ba, girman rami yana rage saurin iska, babur ya yi kasala a ƙaramin gudu. Ni dai hujjar waɗannan ta fi gamsar da ni.

4. A guji jabu masu arha.

5. Kafin a zargi kafireto, a duba bawul da tayimin (saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta). Bayan an ɗaura sabo kuma, launin fulogi ne zai nuna: baƙi, mai ya yi yawa, fari fat, ya yi kaɗan.