Neman shawara: yadda zan sa wa bindiga zoben rataya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman maharba da kafintocinmu na yankin Mai Wurno da Sinnar a Sudan.

Ina da bindigar kartush ta gado, ƙirar Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, mai cin harsashi lamba 12, da takardarta. Ba ta da wurin ɗaura maratayi, ga gonar dawata da nisa, kullum a hannu nake riƙe da ita har kafaɗa ta gaji.

Na samo zobba biyu masu sukuru. Na baya nake tsoro: itacen ƙotar ya bushe ƙamas, akwai ma 'yar tsaga siririya kusa da gindi. Kuma akwai dogon ƙarfe a cikinta wanda ya haɗa ta da jikin bindigar, ba na so in huda in ci karo da shi. Santimita nawa zan bari daga gindin? In fara toshe tsagar da gam kafin huji?

Gaba kuwa itacen ba kauri, cirewa ma ake yi. Wani maƙeri ya ce zai yi walda a jikin bututun, na ƙi, zafi zai iya lalata ƙarfen. Zoben da ke matse bututu yana riƙewa, ko zamewa yake bayan harbi?

Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka. Allah ya saka da alheri.