Shekara 19 Baba yana ba da zakka, amma tiren Jibi wuce shi yake yi

Mai Ɗinki:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, ban kai shi gaban fastonmu ba don kada a ce na fara tawaye.

Mu Maguzawa ne daga kudancin Katsina. Ina 'yar shekara tara Baba ya karɓi Yesu a ikkilisiyar Baftis ta ƙauyenmu, lokacin yana da mata biyu, Innata ce ta biyu. Ya bar tsafi, ya bar burkutu. Duk kaka zai tsaya a gona ya ƙirga dawa, dami tara namu, na goma na Allah. Kwanon da ke kan majami'ar ma akwai buhun masararsa biyu a ciki. Amma har yau ba a yi masa baftisma ba saboda yana da mata biyu, Inna ma haka. Uwargida kaɗai aka yi wa.

Watan jiya na je gida, aka dace Lahadin Jibin Ubangiji ce, wato ranar da waɗanda aka yi wa baftisma ke cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Yesu. Da fasto ya ce waɗanda ba za su ci ba su ba da wuri, Baba ya ɗauki hularsa ya koma benci na bakin ƙofa, tsakanin yara. Dikin, wato mai hidimar ikkilisiya, da ya ɗauko tiren ƙananan kofunan nan, Baba ne ya koya masa huɗa. Ya zo daidai shi, ya sunkuyar da kai ya wuce. Ni da aka yi wa baftisma ina 'yar sha huɗu na sha, tsohon da ya kai ni coci yana kallo. Da kyar abin ya wuce maƙogwarona.

Na duba Ayyukan Manzanni 8, mutumin Habasha ya ce ga ruwa a yi masa baftisma, Filibus bai tambaye shi matansa nawa ba. A ina aka rubuta wannan doka? Ko dai al'adar mutane ce irin ta Markus 7?

Tsohon Dikin:
Ɗiyata, sannu. Na riƙe tiren nan shekara da shekaru, na san nauyinsa in an zo wurin irin babanki. Amma waɗanda suka kafa dokar ba mugaye ba ne. Farawa 2:24 da Matiyu 19 a fili suke, miji ɗaya mace ɗaya. Kuma da idona na ga mai bi ya ƙara aure a ɓoye, ya yi wata shida a horo, ya dawo yana cewa ai wane ma an karɓe shi. In ka buɗe ƙofa don akuya, kura ma ta ga hanya.

Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba. "Mijin mace ɗaya" na 1 Timoti 3 sharaɗin mai shugabanci ne da dikinoni, ba na shiga ruwa ba. Babanki kuma ya yi aurensa tun bai ji bishara ba. A Baftis ba bishop ne ke yanke mana ba, taron membobi ne ke da magana ta ƙarshe. Ki nemi a sa batun cikin abin da za a tattauna.

Ɗan Kawo:
Baba Dikin ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ɗan tarihi. Dokar nan tare da mishan ta shigo, kuma ba Baftis kaɗai ba. Bishop-bishop na Angilikan sun zauna a Lambeth da ke Landan a 1888 suka ce kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. A 1988 suka sake zama suka ce a yi masa, muddin ba zai ƙara ba, kuma kada a tilasta masa ya saki ko ɗaya. Shekara ɗari cif, Littafi bai canza ba, masu karanta shi ne suka sake tunani.

Abubuwa da yawa da muke gani kamar daga bakin manzanni suka fito suna da ranar haihuwa. Ruwan inabi marar sa maye, wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, shi ya fara dafa shi don Jibi a 1869. Kiran fitowa gaba bayan wa'azi a ƙarni na 19 ya yaɗu, Charles Finney na cikin waɗanda suka yayata shi. Makarantar Lahadi ta Robert Raikes ce, wajen 1780 a Ingila. Abin dariyar ma, John Smyth da ya fara Baftis a Amsterdam a 1609 zuba wa kansa ruwa ya yi, nitsarwar da muke tinƙaho da ita sai wajen 1640 ta kankama. Wannan nitsarwar ta riga Thomas Bowen, ɗan mishan na Baftis da ya iso ƙasar Yarbawa a 1850.

Ni ba na ƙin abu don mutum ne ya fara shi. Ajin baftisma ma ikkilisiyar farko ta yi, har na shekara uku a wasu wurare. Inda nake ja shi ne in al'ada ta tsaya a ƙofa tana hana wanda Yesu ya karɓa.

Wutar Bishara:
Sista ki bar wahalar da kanki. Zakkarsa halal ce amma shi haram ne? Su mayar masa da masararsa mana! Ki ɗauko shi ki kawo birni, akwai inda za a yi masa ranar Lahadin nan.

Maman Biyu:
Ɗana, ba haka ake yi ba, tsoho ba kaya ba ne da za a ɗauko. Mai Ɗinki, ki gode wa Allah da babanki. Namu ya bi abin da aka ce masa, ya sallami mahaifiyata don a yi masa baftisma. Ina 'yar shekara bakwai na bi ta har bakin rafi ina riƙe da zanenta, kawuna ya ɓamɓare hannuna. Ta koma gidansu, ta auri wani, ba ta sake taka majami'a ba har ta rasu. Ranar baftismarsa an yi ta guɗa. Har gobe ina Baftis, ina Zumuntar Mata, amma ba wanda zai ce mini wannan daga Allah ne.

Mai Ɗinki:
Na gode duka. Mama, Allah ya sanyaya miki zuciya, na karanta naki sau uku. Jiya da dare na kira Baba, na gwada masa maganar zuwa birni. Ya yi shiru, sai ya ce shi a rafin da aka nitsar da 'ya'yansa yake so, kuma in ba tare da Inna ba kada ma a fara. Daga nan ya koma tambayata kuɗin taki.

Baba Dikin, matsalar ita ce na riga na ɗauke takardata ta zama memba zuwa ikkilisiyar da nake a birni, ba ni da bakin magana a taron gida. Yayana, ɗan uwargida, shi memba ne. Shi zai rubuta wa sakatare, ko dole sai ta bi ta hannun fasto tukuna?