Me kuka faɗa wa juna kafin manya su shiga maganar?

Maman Walida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ake nema, har an ce bayan Sallah za a kawo kuɗin gaisuwa. Jiya na tambaye ta ko ta san nau'in jinin saurayin (AA, AS ko SS) da abin da yake samu a wata, sai ta sunkuyar da kai, wai kar ya ce kuɗinsa take so. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labarin yadda ta kaya da shi.

Maman Abba, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yaya, ki kama hannunta ku je gwaji tun a makon nan. Shekara uku muna tare da maigidana, ba mu yi gwaji ba sai ana saura kwana 9 ɗaurin aure, shi ma don liman ya ce sai da takarda. An kawo lefe, an raba kati, kayan ɗakina suna jibge a falon Hajiyarmu. Sakamako ya fito ni AS, shi AS, wato dukkanmu muna ɗauke da kwayar gadon sikila. Ma'aikaciyar ta juya takardar ta zana mana gida huɗu a bayanta, ta ce ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da sikila. Mu kuma muka ɗauka idan mun haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai samu. Ashe kowane ciki da nasa lissafin. 'Ya'yanmu uku yanzu, biyu SS ne, wato masu sikila.

Lokacin hunturu ba na barcin kirki. Na sha goya Abba ƙarfe 2 na dare muna neman Keke Napep a bakin titi, yana cizon kafaɗata saboda ciwon ƙashi, ga neman wanda zai ba da jini idan an ce ya yi ƙasa. Ina son mijina, yarana kuma ba na haɗa su da komai. Amma da a watan farko aka nuna mana wannan zanen, da mun rabu ba wanda ya ji. A saura kwana 9, wa zai iya buɗe baki ya ce a fasa?

Baban Sadik, Kawo:
Allah Ya ba su lafiya, Hajiya. Ni ta ɓangaren kuɗi zan yi magana. Malamin makaranta ne ni. Zuwana zance na huɗu na tafi da takardar albashina a aljihu, na nuna mata, na ce ga abin da ake cira na bashin babur, ga na cefanen gidanmu don ni ne babba. Ta yi shiru har na ɗauka shi ke nan. Da na koma sai ta ce a rage akwatunan lefe, a kama ɗaki ciki da falo maimakon gidan da na yi niyya. Da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, ba ta taɓa zargin ina ɓoye wani abu ba, don ta san lissafin tun daga tushe.

'Yar Barnawa:
Nawa akasin haka ne. Motar da yake zuwa zance da ita ta abokinsa ce, lefen kuma da bashin manhajojin waya aka haɗa shi. Wata biyu da tarewa masu bashin suka fara tura saƙo wa duk lambar da ke wayarsa, har Babanmu sai da ya samu. Wallahi talaucin bai dame ni ba, a gidanmu ma ba a kan kuɗi muka tashi ba. Kallon da Baba ya yi min ranar shi ne har yau yake ci min rai.

Ɗan Kasuwar Barci:
Ku yi haƙuri, akwai abin da ba ku taɓo ba. Ina da ciwon hanta nau'in B. Na faɗa wa wata da nake nema saboda tsoron Allah, kafin mako ya zagayo unguwarsu duk an ji, har wani ya ƙi ba ni hannu a masallaci. Wanda aka faɗa wa shi ma amana ce a wuyansa. Idan ba za ki iya ba, ki ce Allah Ya haɗa kowa da rabonsa, ki ja bakinki ki yi shiru.

Anti Nas, Malali:
Ɗan uwana, an zalunce ka. Ciwon hanta B ba ya kama mutum ta gaisawa ko cin abinci tare, kuma yana da rigakafi: allura uku, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. Wadda za ka aura a gwada ta, in ba ta da shi a yi mata, jaririnku kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Ga ƙanwar Maman Walida kuma, su je tare su karɓi sakamako da hannunsu, kar ta yarda da takardar da aka kawo mata a ambulan. Na ga ta bogi da idona. Gwajin jini na AA ko AS ɗin nan su maimaita shi a wuri na biyu, ana samun kuskure. Kano ma a 2024 doka suka mayar da gwajin kafin aure.

Malam na Unguwar Sarki:
Game da kunyar tambaya: Fatima bint Ƙais ta je wa Annabi (SAW) da maganar Mu'awiya da Abu Jahm da suke nemanta. Ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama ɗan Zaid. Hadisin yana cikin Muslim. In ita ba za ta iya ba, waliyyinta ya tambaya, aikinsa ne.

Maman Walida, Tudun Wada:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na miƙa mata wayar ta karanta na Maman Abba, sai da ta yi hawaye. Ta kira shi a gabana, ya ce ranar Litinin su haɗu a Asibitin Barau Dikko, ni zan raka ta. Maganar kuɗin kuma ta ce har yanzu bakinta ya yi nauyi, don haka na gaya wa Kawu, ya ce a turo masa yaron ranar Juma'a bayan la'asar.